Tamanin da Tara Sau Tamanin da Tara

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na je neman aikin koyarwa a garin Sabha, can ƙetaren hamada, ba. Lokacin kuɗin mai ya buɗe, ana ta gina makarantu, malamai sun yi kaɗan. Ni kuwa wata takwas ina dakon siminti, ina cika baki a unguwarmu Tayuri cewa a gida malamin lissafi ne ni (zango biyu na koyar a firamare, amma wa zai je Kano ya bincika?).

Isuhu, wani mutumin Damagaram da ke yi wa wata makaranta fenti a unguwar Sukra, shi ya yi mini hanya a makarantar, har ya ara mini kwat. Ya ce, "Malam, in ka samu, su za su yi maka iƙama, takardar izinin zama. Ka huta da ɓuya in ka hango 'yan sanda."

Mudir, wato shugaban makarantar, dattijo ne marar yawan magana. Ya kai ni wani aji da babu kowa, ya rubuta 7919 a allo, ya miƙo mini alli. Ya ce, "Ustaz, nemo mini lambobin da suka raba wannan."

Na gwada biyu, ta ƙi. Uku, saura biyu. Bakwai, saura biyu. Sha ɗaya, sha uku, sha bakwai, kowacce da saura. Gumi ya jiƙa kwat ɗin mutane, alli yana karyewa a hannuna. Ina jin Isuhu a waje ya daina fenti, ya laɓe jikin taga. Har na kai tamanin da uku, allo ya cika, ba wadda ta shiga daidai. Raina ya ce to, asiri ya tonu, ni ne ban iya rabawa ba.

Sai na rubuta tamanin da tara sau tamanin da tara, na ja layi biyu a ƙasa (har da murmushi, Allah ya yafe mini).

Mudir ya ɗauki alli ya ninka a hankali. Ya samu 7921. Ya dube ni.

Na ce, "Ai kusan ɗaya ne, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ustaz, wannan lambar ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta. Kai da hannunka ka tabbatar, ga shi nan ka cika allo. Da ka ce mini ba ta rabuwa, yau za ka fara aiki. Me ya kai ka ƙarya?"

Na fito, Isuhu ya karɓi kwat ɗinsa tun a bakin ƙofa, ya shanya a rana.

Na ƙara shekara guda ina dakon siminti. Tun daga ranar, in na yi iyakar ƙoƙarina abu ya ƙi, nakan faɗa a fili cewa ya ƙi, don wani lokacin amsar ke nan.