Mai Ƙirga Daga Sifili

Wani ne ya shiga jami'a, ya ce lissafi kaɗai ya yi masa kaɗan, sai ya haɗa da ilimin kwamfuta. A ajin kwamfuta aka koya masa cewa na'ura daga sifili take fara ƙirga. Shi ke nan, abu ya shige masa kai ya ƙi fita.

Da aka yi hutu, yayarsa ta haɗa shi da 'ya'yanta biyar ya kai su wurin wasan yara.

"Biyar na ba ka, biyar za ka dawo min da su."

"Haba Yaya, ni da nake karatu biyu?"

Da lokacin komawa gida ya yi, gogan naka ya jera su a gindin lilo.

"Sifili, ɗaya, biyu, uku, huɗu... Innalillahi! Ina na biyar?"

"Kawu, ai duk ga mu nan," in ji babbar.

"Rufe min baki! Ajinki nawa?"

Ya tuna in kwamfuta ta rikice, kashe ta ake yi a sake kunnawa. Ya kora su waje, ya rufe ƙofa, ya buɗe, ya sake shigo da su. Ya ƙirga. Huɗu. Gumi ya karyo masa, don ya san hannun yayarsa tun yana ƙarami.

Sai ya koma ga lissafi. Ya tsuguna ya rubuta a ƙasa: huɗu a tara da wani abu ya ba da biyar. Amsa ta fito, yaro ɗaya ake nema. Lissafin kuwa bai ce wane yaro ba. Ya waiga ya ga wani yaro yana shan alawa, ya saɓa shi a kafaɗa, sai gida.

Yaya ta ƙirga, shida. Kafin ta buɗe baki, ga wata mata ta faɗo gidan ba ko takalmi, tana ihu an sace mata ɗa. Da ƙyar aka ba ta haƙuri. Shi kuwa ya gyara tsayuwa, ya yi wa yayarsa bayanin sifili tiryan-tiryan.

Ta gyaɗa kai. "Na gane. Matso, mari ɗaya zan yi maka."

Tas! Ta sake ɗaga hannu.

"Yaya, ai ɗaya kika ce!"

"Wancan sifili ne."