Zanen Inna Hindu Zai Tafi Tasawa

"Lahiya lau, gajiya ta bi lahiya. To shigo mana, ɓarawon zane, ka tsaya bakin ƙofa sai ka ce mai jiran sadaka."

Haka Inna Hindu ta tarbi jikanta Mutari da hantsin Talata, a shekarar da damina ta yaudare mu a Korgom, gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Ni dangar kara ce tsakanina da ita, dangar kuma ta tsufa, don haka kada wani ya ce laɓe na yi. Mutari malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ke rubuta wa Samariya, ƙungiyar matasan gari, wasannin kwaikwayo. Ranar Litinin da la'asar an yi gajerun wasanni uku a fili, nasa ne na ƙarshe. Shi kaɗai ya fito, ɗaure da zanen kakarsa, ya zama tsohuwar da ta tona gidan tururuwa a yunwar shekara goma da suka wuce don ta ciyar da jikanta. Bai kama suna ba, amma wa bai san zanen saƙin Inna Hindu ba a garin nan? Kafin a gama ta ja mayafi ta rufe fuska, ta bar filin. Ubansa Haladu ya rantse, in tsohuwa ta yi fushi wasan ba zai je gasar Tasawa ranar Juma'a ba. Shi ya sa gogan ya zo da zane a ninke da goro biyar, jiki a sanyaye.

"Wane ɓarawo, uwargida? Kayan mata ai na miji ne."

"Mijin da bai taɓa saya mini ko kallabi ba? Da auren kirki ne da tuni na kai ka gaban alƙali."

"Alƙali na ganinki zai miƙe tsaye ya ce, wannan ai ta girmi shari'a."

"Na girme ta, na girmi uban da ya haihe ka. Da tsohuwar zuma a kan yi magani. Aje goron nan."

Ya ajiye, ya tsuguna gefen tabarma. Ta ɗauki zanen ta shinshina.

"Warin alli da zuhwar gardi. Zanen da na yi biki bakwai da shi!"

"Jiya ya ga jama'ar da ta hi ta bikin bakwai ɗin. Ya kika ga wasan teyatur ɗinmu?"

"Na Halilu ya yi daɗi. Mutumen nan da ya sai da sa ya sayi rediyo don ya ji ranar da za a yi ruwa, na yi dariya har haƙorina na gaba ya motsa. Na yarinyar nan Biba ma Allah ya yi mata albarka. Mai awon dawar taimako da ke cusa babban yatsa cikin tiya, wa bai san shi ba? Har sojan da anka turo ya zauna gaba sai da ya rufe baki da hula."

"To nawa hwa?"

"Naka? Naka wasa ne? Mutum guda ya tsaya yana ta zuba shi kaɗai, ba mai ce mishi i, ba mai ce mishi a'a. A zamaninmu in anka ga haka malam a ka kira da allo."

"Sabon salo ne, tsohuwa. Mutum guda ya ɗauki labari duka. Har a Yamai haka a ka yi yanzu."

"In tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi hihhike. Yamai! Kai da ko Mayahi sai da ka yi amai cikin motar kamiyo."

"Mutane sun yi kuka hwa."

"Muryarka ta sa su. Ka maƙe ta kamar akuyar da anka taka ma wutsiya. Haka nike magana?"

"Wa ya ce ke ce? Wata kyakkyawar tsohuwa ce mai haƙuri, ba ta zagin miji."

Nan ya sunkuyar da kai yana murza gefen tabarma. Na san yaron nan tun yana yawo ba wando, ban taɓa ganinsa haka ba, har ya ba ni tausayi. Can ya ɗago.

"Inna, mi ya sa kinka tashi?"

"Yau kuma Inna? An saki auren ke nan?"

"Baba ya ce in kin yi hushi, ba Tasawa. Ni ma in kin ce a bari, wallahi na yaga takardar."

"Tashi na yi don kada in shiga hili in ƙwace sandar nan da kake tono da ita. Wa ya koya maka tonon gidan tururuwa? Ka tsaya kan ƙofar ramin kana sara kamar mai ginin rijiya. Wanda ya yi haka, ƙasa za ta ruhe mishi hatsin, tururuwa ta hau ƙahwa ta rama. Daga gefe a ka bi, a hankali, har a iske ɗakin ajiyarsu. Sannan a bakace da hwaihwai, ba a kwashe da ƙasa a zuba cikin tukunya ba."

"To ai ke ma da ƙasar kika dama muna. Har yau in na tuna kunun nan haƙorana ƙas-ƙas suke."

"Ka ci ka rayu, har ka yi gemun zagina. Kuma wa ya ce maka kuka nike? Ka sa tsohuwarka tana ta sharɓe hanci tana tsine ma tururuwa. Mai neman abinci a gidan mutane tsinuwa ya kan yi? Sallama na kan yi. In ce, bayin Allah, ku yi haƙuri, maƙwabciya ce ta zo. Kuma ban taɓa kwashewa duka ba, sai na bar musu na gobe."

Mutari ya laluba aljihu ya fiddo fensir da ƴar takarda.

"Dubi ɓarawo! Jiya zane, yau magana. A gabana!"

"Ai yabon gwani ya zama dole. Ci gaba, madam."

"Madam ta ci gidanku. Tukuna ma, wa ya hwaɗa maka? Ni ce muku na yi hatsin taimako ne. Ko ubanka bai sani ba sai jiya."

"Na bi ki wata sahiya. Na laɓe bayan kalgon gonar Manzo, na gan ki durƙushe da dagi. Na koma gida na kwanta kamar ban tashi ba. Da kinka miƙo mini kunun na kasa kallonki."

"Shekara goma kana riƙe da wannan?"

"Ke ma shekara goma."

Ta kau da kai tana gyara ɗaurin kallabin da bai kwance ba. Da ta sake magana muryar ta sauka.

"Kowace kaka in na ɗebi gero cikin ƙoƙo na tahi bayan gari, kai ne kan gaba wajen cewa tsuhwa ta taɓa ni, ina ciyar da ƙwari. To su nike kai ma tukwici, sakarai. Kai ɗin nan da lakwal ɗinka da fensir ɗinka, daga rumbunsu ka hito."

Fensir ya tsaya. Mutari ya zuba wa kakarsa ido.

"Yau ga ranar da Allah ya ɗaure bakin maigida. A rubuta."

"To a bar Tasawa? Na tona miki asiri gaban gari, ban ko tambaye ki ba."

"Jiya na kwana da niyyar in aika a ce ma Haladu ya ɗaure ka a turke. Kunya ta kama ni har ƙashi. To da sassahe ina shara, sai ga sallama. Mata uku, kowace da goyo. Sun yi ta kewaye-kewaye, ina kwana, ina gajiya, ina ƙahwa. Can ɗaya ta ce, Inna, wai daga wane gefe a ka soma tonon?"

Ba sai an yi nisa ba, ni ce mai tambayar. Kwana tara ke nan muna kan tafasa da dusa a gidana. Kullum ina wuce gidajen tururuwa a hanyar itace, ina kallonsu suna kallona, kunya ta hana ni durƙusawa. Sai da na ga gari guda ya yi tsit yana sauraron tsohuwar nan ta cikin wasa, maza suna share ido, ba wanda ya yi mata dariya, sannan ƙafata ta iya kai ni gidan Inna Hindu. Har yau ina gode wa yaron nan, ko da bai iya tono ba.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji Inna Hindu. "Abin da na ɓoye shekara goma, kai ka ɗaura shi a ƙugu ka hito hili, sai ga shi ya buɗe ma wasu hanya. Allah ya yi maka albarka, mummuna."

"Amin, kyakkyawa. Ke nan mun tahi?"

"Da sharaɗi. Ka cire kukan. Ka sa sallamar. Ka bar musu na gobe. In ka je gaban Kumandan mai mulkin can ka koya ma matan Tasawa tonon banza, na sake ka saki uku."

"Mace ke saki yanzu?"

"Mulkin soja ne, komi ya juya."

Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki. Muka ji tana jan kaya a ƙarƙashin gado tana mita. Ta fito da wani gajeren dagi, bakinsa ya cinye, ƙotarsa ta yi santsi don riƙo. Ta ɗora masa a cinya, ta jefa masa zanen a ka.

"Ungo. Ka bar tono da sandar makiyaya kana ba ni kunya."

Mutari ya riƙe dagin hannu biyu, yana dariya hawaye na zuba.

"Na bi, uwargida. Kin kada ni. In munka ci na ɗaya, sunanki zan hwaɗa."

"Ka hwaɗi na tururuwa, su ke da labarin." Ta ɓare goro ɗaya, ta miƙo mini rabi ta ramin danga ba tare da ta waiwayo ba. "Zanen ka riƙe, ya riga ya yi warin gardi. Amma dagin ka maido mini Asabar da sahe. Ni da ƴan lakwal ɗina uku muna da aiki bayan gari."