Kwana Huɗu Ina Kan Hanya a Cikin Ɗakina

Ba zan taɓa mantawa da tafiyata ta farko zuwa Najeriya ba, wadda na yi ta ba tare da na bar unguwarmu ta Arlit ba.

Wata biyar ke nan da rasuwar mai ɗakina. Tun daga sadakar arba'in gidan ya ƙi zaunuwa gare ni. In na shiga ɗaki sai in fito tsakar gida, in na fito sai in nufi titi ba tare da na san inda za ni ba. Kafin ta cika ta bar mini wasiyya guda: zannuwanta uku na ajiya, in kai wa ƙannenta da hannuna, ɗaya a Damagaram, ɗaya a Kano, autarsu a Katsina. Ta ce kada in aika, in je su gan ni.

Kuɗi kuwa sun yi ƙaranci tun da aka rufe ramin ma'adinan da nake aiki. Sai na sayi kaye, wato littafin rubutu, da bik na zauna tsara tafiya. Arlit zuwa Agadas, Agadas zuwa Damagaram, a tsallaka iyaka a shiga Kano, sai Katsina, a dawo ta Maraɗi. A kowane gari na rubuta gidan da zan kwana da wanda zai ciyar da ni. (Har da wani tsohon abokin aiki da ban ma tabbata yana da rai ba.) Abin da na fi taƙama da shi shi ne mota. Illa, direban kamyo da ke ɗauko kaya daga Assamakka, ya ce ranar Talata zai biyo ya ɗauke ni har Damagaram, ba ko dala.

Marigayiya takan ce ni mutum ne mai ɗaure kaya tun jaki yana kasuwa. Ranar Litinin na gaskata ta. Na bi gida gida ina sallama, ina neman gafara kamar mai tafiya hajji. Liman ya yi mini doguwar addu'a bayan la'asar. A nan kuma ba a barin mai tafiya kudu ya tafi hannu sake. Malam Sani mai shago, Bakano, ya ba ni dabino in kai wa mahaifiyarsa. Mariyama maƙwabciyata ta ba ni ƙullin cuku na ɗiyarta da ke aure a Kano. Agali mijin Mariyama, tsohon makiyayi, na damƙa masa makullin ƙofar gida don ya riƙa ba zogalen marigayiya ruwa.

Talata da asuba na kai kayana bakin hanya. Rana ta take, babu Illa. Da na same shi a waya ya ce ba a saki kaya ba tukuna, sai gobe in Allah ya so. Duk wanda ya san direbobin wannan hanya ya san goben nan ba ta da rana.

Mai hankali da sai ya koma fada, inda muke zaman hira, ya ce mota ba ta zo ba, a yi dariya a sha shayi. Ni kuwa na tuna addu'ar liman da tsofaffin da suka yafe mini laifin da ban ma yi ba. Na jira zafin azahar ya kora kowa inuwa, na zaga ta baya, na haura katangar gidana. Ni da furfurata. Na shige ɗaki na sa sakata.

Gobe ta zo, Illa ya ce gobe.

Kowace safiya Agali yakan buɗe gida ya ba zogale ruwa, ni kuwa in lafe bayan ƙofa ina danne tari. In ya fita sai in soma zarya, taku huɗu zuwa taga, taku huɗu zuwa gado. Malam Sani kullum sai ya kira ya ji inda na kai. Nakan buɗe kaye in duba, in amsa ƙasa ƙasa. Laraba ina Agadas. Alhamis na sauka Damagaram. Juma'a ya tambaye ni ko an yi ruwa a Kano, na ce an ɗan yayyafa.

Guzuri ya ƙare tun kwana na biyu, don a tsarina tuwon mutane zan ci. Na taɓa dabinon tsohuwa, na ce uku kawai. (Allah ya yafe mini, ban tsaya a uku ba.) Daga nan na kwance ƙullin cuku.

Asabar da hantsi ina zaune a tabarmar marigayiya, cuku a baki, na ji an buɗe gida. Ba sawun mutum ɗaya ba ne. Aka ajiye kwano a bakin ƙofa, sai muryar Mariyama, a natse:

"Mutanen Kano, sannunku da hanya. Ga tuwo. In cukuna ya rage, a buɗe mu gani."

Na buɗe. Ga ta, ga Agali, ga Malam Sani da waya a hannu, ga liman a bayansu yana kallon ƙasa. Da ƙasar ta tsage da na shige.

Agali ya ce tun safiyar Laraba ya ga sawuna a gindin katanga. Mutumin da ya shekara talatin yana bin sawun raƙumi a cikin yashi, wai ni zan ɓoye masa takalmin da ya cinye ta gefen hagu. Malam Sani kuwa daga shagonsa yake kirana, yana jin ƙarar wayata ta taga. Na tambaya me ya sa suka bar ni ina ta zuba ƙarya har kwana huɗu.

Liman ya ce, "Ni na hana. Wata da watanni ba mu ga ka zauna a ɗakin nan ba. Da ka zauna, na ce a ƙyale ka."

Na ja kwanon tuwo.

Mako na gaba na sayar da kekena na hau kar, babbar motar fasinja, kamar kowa. Na kai zannuwan, ƙannenta sun gan ni, mun yi kukanmu. Ɗiyar Mariyama ta karɓi rabin cuku tana tambaya ko wannan karon da gaske na zo Kano.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kada ka yi sallama sai ƙafarka tana cikin mota, in kuma za ka ɓuya, kada ka ba makiyayi makulli. Illa har yau yana cewa gobe. Ɗakin kuwa yanzu ina iya zama a cikinsa, da ƙofa a buɗe.