Yajin Kande da Baƙin Allon Suhaib

"Lafiya lau, maigida. Ya gajiyar zaman banza?"

Haka mahaifiyata Hajiya Kande ta amsa gaisuwar jikanta Suhaib a tsakar gidanmu na Unguwar Sarki. Yaron manhajar kwamfuta yake rubutawa, ya sami aiki a Legas, ranar Asabar zai tafi. Abin da ya kawo shi sirrin yajin da take dakawa ne, wanda ko mu 'ya'yanta ba mu sani ba.

"Tsohuwa, ki faɗa mini haɗin yajin nan kafin ki wuce da shi ƙiyama."

"Sai na ci gumbarka tukuna."

"Dubi Linux da ke juya kwamfutata. Mutanen duniya suka taru suka gina shi, kowa na iya leƙa cikinsa, ya gyara, ya ɗauka kyauta."

"Baƙin allon nan da kake ta tsattsaga kamar kaza ta sami tsaba? Araha ba ta ado. Miyar da duk unguwa ta sa wa hannu, wa zai sha?"

"Halinki ɗaya da manyan kamfanoni. Su kulle abu su sayar maka, shekara na zagayowa su ce ya tsufa. Ke kuwa kin tsufa, har yau ba a fito da sabuwarki ba."

"Ai kai ne sabon, ga ka nan kullum ana gyara. Da ka sa wa baffanka abin nan a kwamfutarsa, ba sai da ya je Kinkinau aka buga masa takarda ba?"

Wannan kam an yi. Ni ne baffan.

"Laifin injin bugawa ne," in ji Suhaib.

"Gwano ba ya jin warin jikinsa."

Suhaib ya sassauta murya. "Hajiya, tuwon kowa ba ya shigar mini sai da yajin nan. In na tafi, wa zai daka mini?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Su masu Linux ɗin naka, da surutu suka gina shi?"

"A'a, kowa hannu yake sawa ya yi aiki."

"To." Ta tura masa taɓarya da ƙafa. "Ga turmi. Barkono da citta da masoro na cikin ƙwaryar can, sauran zan miƙo in ka yi gumi. Yajina a buɗe yake tun ba a haifi ubanka ba. Taɓarya kowa ke gudu."

Ya naɗe hannun riga ya fara daka. Bai yi nisa ba atishawa ta sarƙe shi, hawaye na zuba.

"Ku ga mijin da aka haɗa ni da shi," ta ce. "Kai ma kyauta aka ba ni, shi ya sa."

Ya fashe da dariya yana share ido. "Na bi, uwargida. Miƙo na gaba."

Ta kwance bakin zanenta, ta zuba masa kanumfari a tafin hannu.