Mutumin Gusau, Direban Jirgi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai Kawu Bala tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Msheireb ba. Har yau in na tuna sai na rufe fuska.

Kawu Bala ƙanin mahaifiyar Rukayya ne, wadda nake neman aure a Zariya. Zai tafi Umara, jirginsu ya yada zango kwana ɗaya a Doha, inda nake aiki, sai iyayenta suka ce ya duba musu ni, tunda a waya kawai suka san ni. Bincike ke nan, kuma abin da ya faɗa da shi za a yi aiki. Rukayya sai da ta ja min kunne: "Don Allah ka rage surutu, Kawu ba ya son mai cika baki."

Da ya ce yana son ganin jirgin ƙarƙashin ƙasan, na ce ai wurin nan gidana ne. (Shekara uku ina zaune a Al Rayyan, gefen Doha, mota ce ƙafata, ban taɓa shiga ba.)

Muka gangara. Tasha kam ta yi kyau, rufinta a lanƙwashe yana sheƙi. Na ce tantin Larabawan hamada aka kwaikwaya, sheƙin kuma don tunawa da lu'ulu'u ne, sana'ar kakanninsu kafin a samu mai. Wannan gaskiya ce, a ofis na tsinta. Kawu ya gyaɗa kai. To, gyaɗa kan nan shi ya kai ni ya baro, bakina ya ɓalle kamar lalataccen famfo.

Muka iso wani ƙaton zane a bango, mutane birjik. Na ce, "Kawu, waɗannan ma'aikatan da suka haƙa ramin ne, aka zana su don tunawa." Ya matsa ya karanta ɗan allon da ke gefe (ashe shekara talatin ya yi yana koyar da Larabci). Allon ya ce iyali ne suka taru zumunci.

"Ikon Allah," ya ce. "Har da yara aka yi haƙan?"

Mai hankali nan zai tsaya. Ni kuwa don in wanke kaina sai na ƙara: "Ai har direbobin mun saba. Na wannan layin ɗan Gusau ne, tare muke sallar Juma'a."

"Madalla. Mu shiga ta gaba in gaishe shi."

Muka shiga taragon gaba. Ba ɗakin direba, ba kujerarsa, gilashi ne kawai da rami a miƙe. Jirgi ya tashi. Wani Bahaushe cikin kakin masu gadi ya ji ina ta kame-kame, ya ce, "Alhaji, ai jirgin nan ba shi da direba, na'ura ke tuƙa shi."

Kawu ya dubi gilashin, ya ɗaga hannu: "Salamu alaikum, mutumin Gusau. Ya aiki?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage, sai na tuna muna ƙarƙashinta. Na ce shi ke nan, Rukayya ta tafi.

Da muka sauka a tasha ta gaba, Souq Waqif, na ce, "Kawu, ku yafe ni, yau na fara shiga."

"Na sani, ɗana, tun da na ga kana kokawar shiga ta ƙofar fita."

Abin da ya kai gida shi ne: "Ku ba shi. Yana da kunya, kuma ƙaryarsa ba ta wuce tasha ɗaya."

An ɗaura aure. Amma har yau duk wanda na kira a gidan surukai, bayan gaisuwa sai ya ce, "Ya mutumin Gusau?" Yanzu kafin in ce na san direba, sai na leƙa na tabbatar akwai shi.