Turken da Gara Ta Ci

Shekarar da ake gyaran bargar surukina, Alhaji Balarabe, a Limancin Kona, ni ya ba amanar dokinsa, ni kuma na ƙudura sai na nuna masa tsari. Da damina ta gabato, na fara da kwashe taki tas. Kowa yashi yake zubawa. Ni kuwa garin katako na sayo buhu shida, na baje da hannuna, na daidaita da tsintsiya.

Maƙwabcina Baba Tanko ya leƙo. "Malam, doki ne zai kwana nan ko gara?"

Na ce, "Baba, ku dai ku zuba ido."

Ruwa ya sauka, garin ya jiƙe, gara ta tare, ta cinye gindin turken ban sani ba. Ran wata Juma'a dokin ya fizga sau ɗaya, ya kama hanyar gidansu. Alhaji yana zaure da baƙi sai ga shi yana jan guntun turke.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya aiko mini da guntun, wai shi dokin ne kawai nasa.

Har yau in na wuce majalisa sai wani ya ɗaga murya: "Sarkin Gara, barka da kiwo! Ya talakawanka?"