Alkakin da muka kai Kalgo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai garar ƙanwata Hauwa Kalgo ba. Shekaru kaɗan ne kafin Turawa su tafi, shekarar da damina ta ɗauke gero bai kai ba, gidaje da yawa a Gwandu sau ɗaya ake ɗora tukunya. Amma ba a kai yarinya ɗakin miji hannu sake, don da abin da iyayenta suka biyo ta da shi dangin miji za su auna ta har ta tsufa. Baba ya sayar da akuyarmu ta ƙarshe, aka sayo alkama da zuma, Inna ta tashi da ciwonta ta soya alkaki masaki guda.

Ni aka ba ajiya, don ni ce babba, kuma ni ce mai baki. (A lokacin na ɗauka su biyun abu ɗaya ne da hankali.) Maƙiyin alkaki kuwa kiyashi ne, kowace mace ta sani. Ba irin tururuwa ba ne da ake gani ƙiri-ƙiri tana jan hatsi zuwa raminta, ba kuma baƙin cinnaka mai cizo ba. Shi ɗan mitsitsi ne, ruwan ɗorawa, sai ka ƙura ido kake ganinsa, kuma ba abin da yake so kamar zaƙi da maiƙo. Na ciro wani tsohon faifan Inna da ya daɗe a rataye, na rufe masakin, na ɗaure da zane tamau, na zagaye shi da toka. Kowace safiya sai na duba tokar, ko sawu ɗaya babu, in fito ina taƙama.

Ana gobe za mu tashi, Inna daga kwance ta ce, "Buɗe ki ba ni ɗan gutsure, bakina ba daɗi."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, in aka buɗe kiyashi na shiga."

Ta juya fuska bango.

Abin da ban sani ba shi ne kiyashi ba ya buƙatar rami. Duk inda ya sami 'yar kafa mai ɗumi, tsagar bango ce ko tsakanin saƙar kaba, nan yake tarewa da ƙwayayensa. A cikin faifan nan gidansa yake. Wato ni da hannuna na rufe shi da abincinsa, na kuma zuba toka ina gadinsa.

A Kalgo matan gidan ango suka cika tsakar gida, Hauwa na zaune a ƙofar ɗaki cikin lulluɓi. Na kwance zanen a hankali, ina ta zuba, wai alkakin Gwandu ba a gwada shi da na ko'ina. Kakar ango, tsohuwa mai raunin gani, ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya. Launin kiyashin ɗaya da na alkakin, shi ya sa ba wanda ya lura sai da ya hau mata hannu har gwiwa.

Ta kakkaɓe, ta ce, "Ɗiyata, alkakin ga na tahiya."

Na leƙa. Masakin gaba ɗaya motsi yake. Wanda na taɓa ya marmashe, cikinsa duk an rarake.

Tsohuwar ta ce, "Ai muna da namu kiyashin nan Kalgo. Ba sai kun ɗauko muna na Gwandu bisa jaki ba."

Da sun yi dariya da na fi samun sauƙi. Ba su yi ba. Shekarar yunwa ce, sai suka shimfiɗa tabarma a rana, suka baza marmashin, suka zauna jiran kiyashin ya watse don su ci. Ni kuma ina tsaye riƙe da faifai, ina jin kukan Hauwa ƙasa-ƙasa.

Amaryar Kiyashi suka sa mata, kuma da sunan aka san ta har ta yi jikoki. Inna ba ta kai girbi na gaba da rai ba, ba ta kuma taɓa tayar mini da maganar ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Yanzu duk abin da zan rufe, sai na buga murfinsa a rana tukuna. Kuma in wani ya ce in sam masa, buɗewa nake, ko ba komai na ga wanda ya riga shi ci.